Kwalejin Barewa: Shekara Ɗari na Gini da Gyara, Daga Katsina Zuwa Zariya

A shekarar 2021 Kwalejin Barewa da ke Zariya ta cika shekara ɗari da kafuwa. Duk wanda ya tashi yabon wannan makaranta da sunayen ɗalibanta yake farawa, kuma yana da hujja. A cikinta Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi karatu. A cikinta aka raini Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, mutum biyar da kowannensu ya riƙe ragamar Nijeriya. Ga sarakuna, ga alƙalan alƙalai, ga malaman jami'a da manyan hafsoshin soja waɗanda lissafa su sai littafi.

Akwai wani ɓangare na tarihinta da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato ɗakunan da waɗannan bayin Allah suka kwana a ciki, da rufin da ya tsare su daga ruwan sama, da ruwan da suka sha, da hannayen da suka yi ta gyaran waɗannan abubuwa shekara da shekaru. Makarantar jeka-ka-dawo tana iya lallaɓawa da aji da allo da malami. Ta kwana kuwa dole sai da makwanci da madafa da makewayi da ɗakin shan magani da katanga, domin amanar yaro ce aka damƙa mata dare da rana. Wanda ya bi tarihin Barewa ta wannan hanya zai ga cewa lokutan da ta fi haskawa su ne lokutan da aka fi kula da muhallinta.

Mafari a Katsina

Tushen karatun boko na gwamnati a Arewa yana komawa ga makarantar Nasarawa da ke Kano, wadda Hanns Vischer, Baturen da mutane suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Bayan ita aka yi ta buɗe makarantun larduna, sai matsalar malamai ta kunno kai. Turawan da ke koyarwa ba su da yawa, 'yan ƙasa masu horon koyarwa kuma sun fi su ƙaranci. Wannan giɓi ne ya sa aka yi shawarar kafa kwalejin horon malamai guda ɗaya da za ta ɗebo haziƙan yara daga kowane lardi. Ta fara karɓar ɗalibai a 1921, sannan Gwamna Sir Hugh Clifford ya zo da kansa ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922.

An zaɓi Katsina saboda dalilai biyu da shi Clifford ya bayyana a wajen buɗewar. Na farko, gari ne da ya yi suna wajen ilimi da addini tun zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tana shaida. Na biyu, layin dogo bai ratsa ta ba, saboda haka hayaniyar ciniki irin ta Kano ba za ta ɗauke hankalin ɗalibai ba. Ga kuma Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, sarki mai hangen nesa, wanda ya karɓi makarantar hannu bibbiyu a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko.

Abin da ya fi burge ni a wannan mafari shi ne irin ginin da aka yi. Ba a jira siminti daga Ingila ba. Maginan gari aka kira, suka kwaɓa ƙasa da ramno, suka mulmula tubali, suka tayar da bango mai kauri, suka jera azarar giginya wadda gara ba ta iya ci da sauƙi, suka rufe soro, suka sa indararo. Irin wannan gini yana da sanyi a lokacin bazara, yana riƙe ɗumi a lokacin hunturu, kuma ɗan Arewa da ya baro gidan ubansa bai ji kamar an jefa shi wata duniya ba. Hatta filin wasan nan na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda malami S. J. Hogben ya kawo Arewa a shekarun 1920 kuma Sardauna ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, da bangon ƙasa ya fara.

Sai dai ginin ƙasa yana da sharaɗi, kuma kowane Bahaushe ya san shi. Kafin damina ta faɗi dole a hau soro a duba tsaga, a yi yaɓe, a shafe bango da makuba ko a yi masa laso da katsi, a share bakin indararo don kada ruwa ya kwanta. In aka yi sakaci shekara ɗaya, bango zai zaizaye. In aka yi shekara biyu, azara za ta fara leƙowa. Saboda haka kwalejin ta tashi ne a cikin al'adar da gyara yake da lokacinsa a kowace shekara, ba a jiran sai abu ya faɗi. Albarkacin wannan al'ada tsohon ginin yana tsaye a birnin Katsina har yau. Tun 1959 aka sa shi cikin kayan tarihi na ƙasa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne.

A cikin waɗannan soraye aka horar da mutanen da suka zo suka gina Arewa. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya fita a 1931, kuma da ƙafa yakan taho daga Sakkwato, tafiyar kusan mako guda. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, ya zauna daga 1927 zuwa 1932. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci a 1928 ya gama a 1933. Kashim Ibrahim ya zo daga Barno, Sulaimanu Barau daga Abuja ta dā, Sa'adu Zungur shi ma daga Bauci. Cikin malamansu akwai Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki. Yara ne da suka taso daga masarautu masu nisa da juna, waɗansu ko Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, amma kwana wuri ɗaya da ci a akushi ɗaya ya mayar da su 'yan uwa. Zumuncin da ya riƙe gwamnatin Jihar Arewa a shekarun 1950 a waɗannan ɗakunan kwana aka ƙulla shi.

Zangon Kaduna

Da tafiya ta miƙa, aikin kwalejin ya wuce horon malamai kaɗai. Ana bukatar ma'aikatan lafiya da na gona da na ayyuka, su kuwa sai da kimiyya, kimiyya kuma tana son ɗakin gwaje-gwaje mai famfo da teburori da wurin ajiye sinadarai. Wannan na cikin abin da ya sa a 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, hedikwatar Arewa, ta koma amsa sunan Kwalejin Kaduna. Shekara guda da ƙaura sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Hankalin gwamnati da kuɗinta suka karkata ga soja, kayan gini suka yi wuya, har ta kai makarantar ta bar wa sojoji gine-ginenta ta raɓa a matsugunin wucin gadi. Duk da wannan matsi karatu bai tsaya ba. A wannan zango ne Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi nasu karatun, kuma a nan ne, a 1939, zamanin shugaban makaranta E. L. Mort, aka fara tara tsofaffin ɗalibai a ƙungiya ɗaya, wadda ita ce kakar BOBA, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa ta yau.

Darasin Kaduna a fili yake. Makarantar kwana ba ta zama da gindinta a gidan aro. Tana son fili nata na kanta, mai faɗi, wanda aka tsara domin ita.

Zariya, lokacin da komai ya zauna

A 1949 aka sami wannan fili a Zariya, a kan hanyar da ake kira Titin Gaskiya, kusa da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda ake buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a lokacin. Makarantar ta fara da sunan Sakandaren Zariya, a 1956 ta zama Kwalejin Gwamnati ta Zariya, a 1971 kuma aka raɗa mata sunan Barewa, dabbar da ke jikin tambarinta. Zariya a wannan lokaci tana zama cibiyar ilimin Arewa gaba ɗaya, abin da ya kai ga buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Kwalejin ta sami maƙwabtan da suka dace da ita.

Shekaru ashirin da suka biyo bayan wannan ƙaura su ne tsofaffin ɗalibai ke ambata da shauƙi. An tsara harabar da natsuwa: azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje a ɓangare guda, gidajen kwana a nasu ɓangaren, ga ɗakin cin abinci, ga filayen wasa, ga gidajen malamai a cikin makaranta, yadda malami zai iya leƙa ɗalibansa ko da tsakar dare. An dasa itatuwa don inuwa da tare iska. Aka kuma sa wa gidajen kwana sunayen da ke karantar da yaro tarihin makarantarsa tun ranar da ya ajiye akwatinsa: Lugard, Clifford, Ɗan Hausa, Malam Smith, Bienemann, Mort, Nagwamatse, Bello Kagara, daga baya aka ƙara Ja'afaru, don tunawa da Sarkin Zazzau Ja'afaru Ɗan Isiyaku, da Sulaimanu Barau. Turawan da suka kafa da malamai 'yan ƙasa da sarakunan da suka tsaya mata, kowa an ba shi haƙƙinsa a jikin bango.

A waɗannan gidaje ɗan Kano ya kwana kusa da ɗan Filato, Musulmi kusa da Kirista. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara daga Wusasa, a nan ya yi karatu kafin ya shiga soja a 1954, Murtala Muhammed kuma ya biyo bayansa da 'yan shekaru. Jarrabawa ce ke kawo yaro, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin cinsa da makwancinsa, don haka ɗan talaka da ɗan sarki gado iri ɗaya suke hawa.

Me ya riƙe wannan tsari? A makarantun kwana na gwamnatin Arewa a wancan zamani, gyara aiki ne mai masu shi. Ma'aikatar ayyuka ce ke da alhakin gine-ginen gwamnati, kuma lokacin dogon hutu ne ake bin rufi da tagogi da fenti. A cikin makaranta akwai leburori da masu gadi da kuku, ana kuma samun kafinta ko birkila a kusa idan ƙofa ta ɓalle ko daɓe ya fashe. Su ma ɗalibai suna da nasu kason. Kowane gida yana da yankin da zai share, da ciyawar da zai sare da langalanga, da makewayin da zai wanke. Ranar Asabar a yi duban tsabta, a jera gidaje daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma babu shugaban gidan da ke son a kira sunan gidansa a ƙarshe. Yaron da ya fasa gilashin taga ya san za a tambaye shi. Ta haka aka cusa wa ɗalibai cewa kayan gwamnati amana ne, suka kuma tafi da wannan tarbiyya ofisoshin da suka riƙe daga baya.

Shekarun matsi

Abin da ya biyo baya bai tsaya kan Barewa kaɗai ba, ya shafi kusan kowace tsohuwar makarantar gwamnati a ƙasar nan. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, makarantar da dā Arewa duka ke ɗauke da ita ta koma wuyan jiha ɗaya, wadda tun 1976 ake kira Jihar Kaduna. A shekarar 1976 ɗin aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, bayan 'yan shekaru kuma dubban yara suka yi sallama a ƙofar sakandare. Alheri ne babba, sai dai ɗakin da aka gina don mutum ashirin ba ya faɗaɗa don an zuba masa sittin. Farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kuɗin siminti da kwano da katako suka yi tashin gwauron zabo. Ɗan abin da ke hannun gwamnatoci ya tafi ga albashi da abincin ɗalibai, kuɗin gyara ya zama abin da ake fara yankewa. Ga matsalar ruwan famfo da Zariya ta daɗe tana fama da ita, ga ɗaukewar wuta. Babu wanda ya zauna ya ƙudura lalata makarantun nan. Nauyi ne ya fi ƙarfin kafaɗar da aka ɗora wa.

A wannan hali ne tsofaffin ɗalibai suka nuna halacci. Ƙungiyar BOBA da rukunonin 'yan aji ɗaya sun sha haɗa kuɗi su ɗauki aji ko gidan kwana su gyara, gwamnatin jiha ma takan waiwayo da nata aikin. Ba don wannan ba, da labarin ya sha bamban. Sun cancanci godiya, musamman waɗanda suka bayar ba tare da an rubuta sunansu a allo ba.

Abin da ake bukata yanzu

Sai dai gyaran biki, wanda ake yi idan shekara ta zagayo ko babban baƙo zai zo, ba ya wadatarwa. Ginin siminti da kwano ya ruɗe mu, muka ɗauka ba ya son kulawa irin ta ginin ƙasa, alhali lalacewarsa ɓoyewa kawai take yi. Iskar farkon damina ta ɗaga ƙusa ɗaya, ruwa ya sami hanya, silin ya jiƙe ya rufto, katako ya ruɓe, gara ta shiga, jemagu su tare, danshi ya kai ga wayar lantarki. Abin da kafinta zai gyara da safiya ɗaya, bayan damina uku ya zama kwangilar miliyoyi. Magudanar da shara ta toshe tana tura ruwa gindin gini har harsashi ya zauna, bango ya tsage. Cunkoso a ɗakin kwana marar iska yana buɗe wa sanƙarau ƙofa a lokacin zafi, ramin masai da ya cika kusa da rijiya yana gayyato kwalara, tsohuwar wayar wuta kuma ita ce sanadin gobara da yawa a ɗakunan kwanan ɗalibai. Maganar gyara, ashe, maganar rai da lafiyar 'ya'yan mutane ce.

Saboda haka abu na farko shi ne a ware wa makarantar kuɗin gyara na dindindin a kasafin kowace shekara, a sa shi a hannun shugaban makaranta da kwamitin da ya haɗa iyaye da tsofaffin ɗalibai, a kuma riƙa bayyana yadda aka kashe shi. Shugaban da sai ya rubuta takarda zuwa Kaduna ya jira watanni kafin ya sayi kan famfo ba zai iya riƙe makarantar kwana ba. Na biyu, a dawo da masu sana'a na cikin gida, kafinta da birkila da mai gyaran famfo da mai gyaran wuta, waɗanda suka san kowane lungu. Na uku, a tsayar da lokacin duba gine-gine sau biyu a shekara, kafin saukar ruwa da bayan ɗaukewarsa, a rubuta abin da aka gani a littafin da sabon shugaba zai gada daga tsoho.

Ruwa da wuta suna son tunani mai nisa. Rijiyar burtsatse da tanki da sola sun sauƙaƙa rayuwa ƙwarai, amma injin jan ruwa yana ƙonewa, batir yana da iyakar shekarunsa. Duk mai ba da kyautar irin waɗannan kaya ya haɗa da tanadin kula da su, in ba haka ba bayan 'yan shekaru sai a tarar da tanki a sama babu ɗigo a ƙasa. Katanga kuma ta zama wajibi. Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020, da abin da ya faru a wasu makarantun Jihar Kaduna a 2021, babu uban da zai kwanta da daɗi in ya san makwancin ɗansa a buɗe yake. Ana bukatar katanga mai ƙwari, da fitilu, da masu gadi masu horo. Ita ce kuma za ta tsare filin makaranta daga masu yanka fuloti, domin gari yana ta matsowa, filin wasan da aka rasa kuwa ba ya dawowa.

Ga tsofaffin ɗalibai, lokaci ya yi da gudummawarsu za ta tashi daga aikin aji-aji zuwa wakafi mai ɗorewa: a sayi kadara ko hannun jari da sunan makaranta, ribar ta riƙa shiga asusun gyara kowace shekara, ko masu bayarwa suna raye ko sun koma ga Allah. Addininmu ya san wannan hanya tun da daɗewa, kuma makarantar da ta yaye attajirai da gwamnoni da ministoci ba ta rasa waɗanda za su iya. Idan an zo sabunta tsofaffin gine-gine, a kiyaye fasalinsu da sunayensu, a kuma tuna da soron Katsina, wanda har yanzu yake bukatar magina masu sanin makuba da azara. Ɗalibai na yanzu su ma a mayar musu da kasonsu na shara da dashen itace da duban tsabta, domin yaron da ya dasa darbejiya da hannunsa ba zai bari a sare ta a banza ba.

Wani zai ce ai makarantu masu zaman kansu sun cika gari, me ya sa za a damu da tsohuwar makarantar gwamnati? Amsar ita ce kuɗinsu ya fi ƙarfin mafi yawan iyaye. Ɗan manomi mai kaifin ƙwaƙwalwa daga Giwa ko Ikara ko Kaciya ba shi da wata ƙofa sai irin su Barewa, kuma a irinta ne kaɗai zai zauna da yaron da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, su san juna tun suna ƙanana. Jihar Kaduna da Arewa baki ɗaya suna bukatar wannan haɗuwa a yau fiye da yadda suka bukace ta a 1949.

Kirana ga Gwamnatin Jihar Kaduna, da Masarautar Zazzau, da ƙungiyar BOBA, da iyayen yara, shi ne su zauna tare su fitar da tsarin gyara na shekara goma, mai kuɗi a rubuce da mai alhakin kowane aiki, su fara aiwatar da shi kafin damina mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabatan da suka kafa wannan makaranta, Ya saka wa masu hidimta mata da alheri, Ya ba na yanzu ikon riƙe amanar da suka gada.